Kukan Kurciya Jawabi Ne: Abin da Bayin Amurka Suka Zuba Cikin Waƙoƙin Ibada

A wani babban gandu da ke jihar Maryland ta Amurka, cikin shekarun 1820, duk wata akan zaɓi wasu bayi daga ƙananan gonaki a aike su babban gidan ubangidansu su karɓo rabon abinci, ɗan naman alade ko kifi da garin masara. Hanyar ta ratsa ta cikin kurmi ne, kuma da zarar sun shiga sai su ɓarke da waƙa, har a jiyo su daga nesa. Akwai wani yaro a gandun da ke jin wannan waƙa kullum. Shi ne Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a 1838, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa a 1845. Ya ce lokacin da yake bawa bai fahimci zurfin waƙoƙin ba, don shi ma yana tsakiyar abin. Sai da ya fita sannan ya gane cewa kowace murya ƙara ce ake kaiwa gaban Allah. Ya ce ko a lokacin da yake wannan rubutu, hawaye na bin kumatunsa.

Da ya isa jihohin arewacin ƙasar, inda aka daina bauta, sai ya tarar mutane na kafa hujja da waƙar bayi, wai ai suna cikin jin daɗi, in ba haka ba me zai sa su waƙa? Douglass ya ce babu kuskuren da ya kai wannan. Bawa ya fi yin waƙa ranar da baƙin ciki ya fi cin ransa, kuma sauƙin da take ba shi irin wanda hawaye ke ba zuciya ne. A wani littafin nasa na 1855 ya ƙara da cewa sarakunan gandu ba sa son bawa mai shiru. In suka ji tsit sai su daka tsawa a yi waƙa, don ta haka suke sanin inda kowa yake, da kuma cewa hannu na aiki. Murya ɗaya ke nan, kunnuwa iri biyu na saurare. Sarkin gandu na jin alamar aiki na tafiya, ɗan'uwan bawa kuwa wani abu dabam yake ji. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Waɗannan waƙoƙi, da Amurkawa ke kira spirituals, yau ana rera su a majami'u da manyan zauruka a faɗin duniya, kuma sukan tayar da tsigar jikin mutumin da bai san Turanci ba, bai kuma haɗa addini da masu su ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce wai wahala ce ta haife su, shi ya sa. Ni dai wannan amsa ba ta gamsar da ni. Wahala ita kaɗai ba ta iya waƙa. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san abin da babban rashi ke fara haifarwa shiru ne, ko kuma kururuwa marar kan gado. Kafin ciwo ya zama baiti sai an yi aiki a kansa, kuma a wannan aikin ne, da mutanen da suka yi shi, ya kamata a nemi sirrin.

Mu fara da abin da aka ƙwace musu. Cikin mutum kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka, waɗanda aka sauke kai tsaye a ƙasar da ta zama Amurka ba su kai dubu 400 ba. Mafi yawa Brazil da tsibiran Karebiyan aka kai su, kuma a can Brazil ɗin, a Bahia, aka fi jin ɗuriyar Hausawa. Amma da haihuwa ta yi ta tafiya, ƙidayar 1860 ta samu bayi kusan miliyan 4 a Amurka. An raba su da harsunansu, an sauya musu suna, doka ba ta san da aurensu ba, ana iya sayar da ɗa a bar uwa tana kallo. A 1739 wasu bayi suka yi tawaye kusa da kogin Stono a South Carolina, suna tafe suna buga ganga don kiran 'yan'uwa. A 1740 sai aka yi dokar da ta haramta wa bayin yankin ganga da ƙaho, ta kuma hana a koya musu rubutu. Mutumin Afirka ba ganga! Abin da ya rage musu shi ne wanda ba a iya ƙwacewa sai an kashe mutum, wato maƙogwaro, da tafin hannu, da diddige.

Addinin da aka miƙo musu ma tacacce ne. Mai wa'azin da ubangida ya ɗauko ayarsa ɗaya ce, wadda ke cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa a Littafi Mai Tsarki na Kirista, cewa bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu. A 1807 har wani Littafi Mai Tsarki na musamman aka buga a Landan domin bayin tsibiran da Ingila ke mulka, aka zare mafi yawan Tsohon Alkawari, ciki har da labarin fitar Bani Isra'ila daga Masar. Wanda ya zare wannan labari ya san abin da yake gudu.

Malamin addinin Kiristan nan Howard Thurman, da aka haifa a Florida a 1899, ya ba da labarin kakarsa Nancy Ambrose, wadda ta tashi cikin bauta kuma ba ta iya karatu ba. Shi ne ke karanta mata Littafi yana yaro, amma ba ta yarda ya taɓa wasiƙun Bulus, in ban da babin nan na ƙauna da ke cikin wasiƙar Korintiyawa, shi ma jefi-jefi. Sai da ya girma ya yi ƙarfin halin tambayar Kaka dalili. Ta ce masa ta sha jin ayar biyayya daga bakin mai wa'azin ubangidansu, har ta yi wa Mahaliccinta alkawari cewa in 'yanci ya zo, ita da wannan sashe sun raba gari. Amma akwai wa'azin da ta riƙe har tsufa, na wani bawa ɗan'uwansu da kan tara su a ɓoye, ya rufe da gaya musu cewa su ba bayi ba ne, na Allah ne. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. A wurinmu a kira mutum bawan Allah girmamawa ce, kuma wanda ya sakankance shi bawan Allah ne, da wuya zuciyarsa ta amince cewa wani ɗan Adam ya mallake shi, ko da jikinsa na cikin mari.

Bayan tawayen Nat Turner a Virginia a 1831, wanda shi ma bawa ne mai wa'azi, jihohin kudu da dama suka hana baƙar fata taron ibada sai da Bature a wurin. Sai ibadar ta koma daji da tsakar dare. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura ma'aikata suka ɗauki bayanan tsofaffi fiye da 2,300 da suka taɓa bauta, kuma da yawansu sun ambaci abu guda: a kifa babbar tukunyar ƙarfe a ƙasa, ko a bakin ƙofa, don ta haɗiye sautin waƙa da addu'a. Wasu sun ce har barguna ake jiƙawa a rataye a kewaye wurin. Ko tukunya na tare murya ko ba ta tarewa, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne mutumin da ya yini yana tsinkar auduga tun asuba, ya san in an kama shi bulala ce, ya hana idonsa barci ya bi duhu zuwa inda za a yi waƙa. Ba a sayar da rai haka a kan abin nishaɗi.

To yaya ake ƙirƙirar waƙar? A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, wani mai adawa da bauta, James Miller McKim, ya ziyarci tsibiran gaɓar South Carolina, ya tambayi wani mutumin wurin inda suke samo waƙoƙinsu. Mutumin ya ce su ke yin abinsu, ya kuma kwatanta masa. Ya ce a ce ubangida ya kira ni, ya rage mini awon masara, ya sa a yi mini bulala 100. Abokaina sun gani, abin ya taɓa su. Da dare in an haɗu wurin ibada sai su sa abin a waƙa. A cikinsu akwai gwanaye, su yi ta saƙa shi suna gyarawa har ya zauna, sauran kuma su karɓa kamar sun daɗe da saninsa.

A ganina babu bayanin masana da ya fi wannan. Dubi abin da ya faru da bulalar nan. Da rana an yi ta ne don a wulaƙanta mutum ɗaya a gaban jama'a, a tsorata sauran. Da dare jama'ar ta ɗauke ta daga bayansa ta raba a tsakaninta. Wanda aka doka yana zaune yana jin ciwonsa na fitowa daga bakin mutum talatin, an yi masa kari, an ba shi amshi, an kuma ɗaga shi zuwa sama. Tabon na nan, awon masarar bai ƙaru ba, amma ya tashi daga wurin da sanin cewa an gani, an shaida, an kuma shigar da ƙara a kotun da ubangidansa ba shi da alfarma a cikinta. Shi ya sa tsarin jagora da 'yan amshi, wanda suka taho da shi daga Afirka, ya zama ƙashin bayan waƙoƙin. Jagora ya jefa layi, jama'a su cafe. Babu ɗan kallo. Ko da baitin ya ce ni, kamar waƙar da ke cewa wani lokaci nakan ji ni kamar ɗan da ba shi da uwa, nesa da gida, to bakuna da yawa ne ke faɗin ni ɗin a tare, kuma da yawa cikinsu ba kwatance suke yi ba, an sayar da uwar da gaske. Wanda ya taɓa jin mace na waƙar niƙa a kan dutse, tana zuba abin da ba ta isa ta faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido ba, ya san ɗan wani abu game da wannan hikima.

Sai kuma zaɓin labarai. An ɓoye musu Annabi Musa, suka tono shi, suka mai da shi gwarzonsu na farko. Waƙar da ke aiken Musa ya je ya gaya wa Fir'auna ya saki mutanen Allah an fara buga ta ne a 1861, bayan an ji ta a bakin bayin da suka gudo sansanin sojan Fort Monroe a Virginia. Bayan Musa sai Daniyel a ramin zakuna, da Annabi Yunusa a cikin kifi, da Yoshuwa da ganuwar Yariko. Duk labaran da mai rauni ya tsira a nan duniya ne, ba sai an je lahira ba, kuma wata waƙar ta yi tambayar ƙarara: in Ubangiji ya ceci Daniyel, me zai hana ya ceci kowa? Ba sa rera su kamar tarihin da ya wuce. A bakinsu Masar tana Mississippi, Fir'auna na zaune a babban gida, kogin Urdun kuma yana iya zama kogin Ohio, wanda in ka haye shi ka bar ƙasar bauta. A aƙidar Kirista an yi wa Yesu bulala an kuma gicciye shi, to bayin nan sun riƙe shi a matsayin wanda ya san zafin abin da suke sha, shi ya sa suke masa magana kamar aboki na kusa.

Kuma akwai habaici. Wata waƙa tana cewa ina da takalmi, kana da takalmi, in na je Aljanna zan sa takalmina in zaga ko'ina. Mai rera ta ƙafarsa tsirara ce, da faso, a ƙasar da ake sanyi mai tsanani. Bai roƙi zinariya ba, takalmi ya ambata. Sai kuma a tsakiyar waƙar a jefa cewa ba duk mai zancen Aljanna ne zai shige ta ba. Ubangida na iya wucewa ta bakin bukka bayan ya taso daga cocinsa, ya ji, ya gyaɗa kai, bai san da shi ake ba.

Kalmomin rabi ne kawai. A 1867 aka buga kundin farko na waɗannan waƙoƙi, guda 136, kuma waɗanda suka tattara su sun amsa da bakinsu cewa alamomin rubuta kiɗa na Turawa sun gaza kama abin da suka ji. Muryar takan zame tsakanin sauti da sauti, takan karye, takan koma nishi ko gunji da baki rufe, inda kalma ta ƙare amma ciwon bai ƙare ba. A tsibiran Georgia da South Carolina akwai wata ibada da ake yi a da'ira: a riƙa zagayawa ta hannun hagu ana jan ƙafa a ƙasa, ba a yarda ƙafa ta haye ƙafa ba don kada ya zama rawa, wani na buga sanda a daɓen katako a madadin gangar da aka hana. A maimaita layi ɗaya har tsawon dare, har mutum ya fita hayyacinsa. Sunan wannan ibada da Turanci shout, kuma masanin harshe Lorenzo Dow Turner, a littafinsa na 1949, ya yi hasashen cewa daga kalmar Larabci shauɗ ta fito, wato zagaye ɗaya na ɗawafi. Hasashe ne, masana da yawa ba su karɓa ba. Abin da ke tabbas shi ne akwai Musulmi masu ilimi cikin bayin, irin su Umar bin Sa'id, mutumin Futa Toro, da ya rubuta tarihinsa da Larabci a North Carolina a 1831. Masanin kiɗa Gerhard Kubik kuma ya danganta salon karya murya da jan baƙi da ake ji a waƙoƙin baƙaƙen kudancin Amurka da yankin savana na Afirka ta Yamma, ciki har da ƙasar Hausa da masu goge. Kada mu yi saurin cewa namu ne, amma kunnen da ya saba da kiran sallar asuba da goge ba ya jin wannan murya baƙuwa.

An daɗe ana jayayya kan ko waƙoƙin sun taimaki bayi ne ko kuwa sun lallashe su suka haƙura da ƙangi. Masu suka na cewa duk zancen Aljanna da hutun kabari maganin barci ne, ka sa wa mutum rai da lahira don ya bar maka duniya. Masu mayar da martani kuma wani lokaci sukan zarce, su ce kowane baiti saƙon sirri ne na tserewa, har da taswirar hanya. Akwai gaskiya kaɗan a nan. Douglass da kansa ya ce lokacin da suke shirin guduwa, in suna waƙar Kan'ana jihohin arewa suke nufi. Harriet Tubman, baiwar da ta tsere, da ake wa laƙabi da Musa, wadda ta koma kudu kusan sau 13 ta fito da mutum kimanin 70, ta yi amfani da waƙa wajen yi wa mutanenta ishara. Amma yawancin masu rera waƙoƙin ba su taɓa samun hanyar gudu ba, a gandu aka haife su, a gandu suka mutu. In aka ce darajar waƙar tana ga saƙon sirri kaɗai, an zubar da waɗannan miliyoyin. Ni abin da na gani shi ne ɓangarorin biyu sun raba abin da bayin ba su raba ba. Mutumin da ke cewa yana da gida a wani wuri, yana da suna a wani littafi, akwai ranar da za a yi hisabi, ya riga ya ƙaryata takardar da ta ce shi dukiya ne kamar alfadari. Ko ya gudu ko bai gudu ba, wannan ƙaryatawar ce ta hana shi mutuwa a tsaye. Haƙurin da ke cikin waƙoƙin irin na mai jiran shari'a ne, wanda bai yafe ƙararsa ba.

Da bauta ta ƙare a 1865, saura kaɗan waƙoƙin su bi ta. 'Ya'yan da suka shiga makaranta ba sa son tuna su. Jami'ar Fisk da ke Nashville, wadda aka kafa a 1866 don 'yantattun bayi, ta kusa rufewa saboda talauci, sai ma'ajinta George White ya kwashi ɗalibai 9 ranar 6 ga Oktoba, 1871, suka fita yawon waƙa don neman kuɗi. Da farko waƙoƙin Turawa suke yi. Ella Sheppard, mai buga musu fiyano, wadda ita ma a bauta aka haife ta, ta ce waƙoƙin bayi abu ne mai tsarki a wurin iyayensu, kuma suna tuna musu da abin da suke son mantawa, don haka ba su taɓa tunanin rera su a gaban baƙi ba. Yunwa da sanyi da korar da ake musu daga masauki saboda launin fata suka bi su gari-gari. Sai da suka fara sako waƙoƙin iyayen nasu sannan zauruka suka yi tsit, mutane suka fara share hawaye suna buɗe jaka. A 1873 sun rera a gaban Sarauniya Victoria, kuma da kuɗin da suka tara aka gina babban ginin jami'ar da ke tsaye har yau. Wani tsohon ɗalibin Fisk, W. E. B. Du Bois, shi ne a 1903 ya kira su waƙoƙin baƙin ciki, ya kuma ce su ne kyauta mafi girma da baƙar fata suka ba ƙasar.

Sai dai nasarar ta zo da nata hasarar. Don su shiga zauren Turawa sai da aka goge su, aka daidaita muryoyi, aka cire nishin da jan ƙafar. Marubuciya Zora Neale Hurston ta yi ƙorafi a shekarun 1930 cewa abin da ake rerawa a dandamali sabon abu ne, na ainihin yana can a ƙananan majami'un karkara inda ba a rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Ni damuwata ta wuce nan. Akwai haɗari ga mai sauraro da ke zaune kan kujera mai laushi, ya ji daɗin kukan wani, ya share ƙwalla, ya tashi yana jin kamar ya yi wani aikin lada. Daga nan taki ɗaya ne zuwa cewa ai wahalar ma ta yi rana tunda ta haifi irin wannan kyau. Wannan magana ce ta wanda ba a sayar da ɗansa ba. Babu uwar da za ta karɓi waƙa, kome daɗinta, a madadin yaron da aka ɗora a keken fatake. Mu ma nan bai kamata mu karanta wannan tarihi muna taɓe baki kamar hannunmu tsaf yake ba, don ƙasar Hausa ta san rinji da cinikin bayi, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Najeriya.

Akwai kalmar Hausa guda da nake ganin ta fi kowace kalmar Turanci kama abin da ke cikin waƙoƙin nan, ita ce bege. A bakin Musulmi, bege shi ne ƙunar son wanda ba ka tare da shi, kamar yadda sha'irai ke begen Annabi (SAW). A bakin Kirista Bahaushe kuwa, bege shi ne sa rai da abin da aka yi alkawari, shi ne na tsakiya cikin ukun nan da aka jera a babin da kakar Thurman ta yarda a karanta mata: bangaskiya, bege, ƙauna. Kalma ɗaya ta ɗauki raɗaɗin rashi da sa rai a lokaci guda, kuma haka waƙoƙin suke. Shahararriyar cikinsu ta fara da cewa babu wanda ya san wahalar da na gani, ta rufe da yabon Ubangiji, ba tare da ta janye maganar farko ba. Mun san irin wannan a gida. An ruwaito cewa Imam Busiri ya yi Burda ne yana kwance da shanyewar jiki, kuma Aliyu Namangi na Zariya, makaho, sunan da ya ba waƙoƙinsa Imfiraji, wato yayewar ƙunci.

Shekara kusan ɗari bayan bauta, waƙoƙin suka sake fitowa aiki. A garin Albany na jihar Georgia, a 1961, ana gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, aka ce wa wata ɗaliba, Bernice Johnson, ta ja waƙa a taron coci. Ta ɗauko wata tsohuwa da ke cewa ina ganin masifa a sama da kaina. Tana cikin jan layin ta ga kalmar ba ta dace da daren ba, sai ta sa 'yanci a gurbin masifa, jama'a kuma suka karɓa nan take. Abin da mutumin tsibiri ya kwatanta wa McKim ke nan, ba a canza ko ɗaya ba. A gidajen yari na kudu, inda aka cusa ɗaruruwan masu zanga-zanga, masu gadi kan yi barazanar ƙwace katifu in ba a daina waƙa ba, a ƙwace ɗin, waƙar ta ci gaba. Mutum ɗaya mai tsoro in ya buɗe baki ya ji muryarsa ta shige cikin ta mutum ɗari, ƙirjinsa na rawa da sautin da ya fi ƙarfinsa, tsoron bai tafi ba amma ya daina zama shi ke jan ragama.

Ba duka ne suka fito daga gandu ba. Thomas Dorsey, ɗan mai wa'azi daga Georgia, ya yi suna a Chicago yana buga fiyano a gidajen rawa kafin ya koma waƙar coci, kuma majami'u da yawa sun ƙi shi da farko, suna cewa ya shigo musu da kiɗan shaiɗan. A watan Agustan 1932 ya tafi St. Louis wani taron farkawa na coci, ya bar matarsa Nettie da tsohon ciki. Yana wurin taron aka miƙo masa wayar tangaraho cewa ta rasu wurin haihuwa. Ya koma gida ya tarar da jaririn, namiji, da rai, shi ma bai daɗe ba ya bi uwar. A akwati ɗaya aka binne su. Dorsey ya faɗa da bakinsa cewa a kwanakin nan ya ji kamar Allah bai yi masa adalci ba, ya ce shi da waƙar ibada har abada. Wani abokinsa ne ya ja shi zuwa wani ɗaki da ke da fiyano, ya bar shi shi kaɗai. Yatsunsa suka faɗa kan wani tsohon kari na coci, kalmomi suka biyo. Waƙar ba ta yi bayanin dalilin mutuwar ba, ba ta ce alheri ne a ɓoye ba. Cewa kawai ta yi na gaji, ba ni da ƙarfi, Ubangiji ka kama hannuna.

Ranar 4 ga Afrilu, 1968, da yamma, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata Martin Luther King yana tsaye a barandar masaukin Lorraine a Memphis, inda ya je mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu. Shekarunsa 39, ya sha ɗauri, an taɓa soka masa wuƙa, an jefa bam a gidansa. Ya leƙo ƙasa ya hango Ben Branch, mai busa da zai yi kiɗa a taron daren, ya roƙe shi ya tabbata ya busa waƙar nan ta Dorsey, ya kuma busa ta da kyau. Jim kaɗan harsashi ya same shi. Bayan kwana biyar, a Atlanta, alfadarai biyu suka ja gawarsa a kan keken gona, mawaƙiyar coci Mahalia Jackson kuma ta miƙe a gaban jama'a ta rera waƙar da ya nema.